Tayi na Uku a Gidan Niƙa

"Ɗaga ni," in ji Baba Genshiro. "Ba zan ci taliyar Tsuyako a kwance ba, ta je tana ba da labarina a gari."

Mineko, 'yarsa, ta durƙusa ta tallafo bayansa, ta cusa matasai biyu. Tsuyako ta ajiye tiren a kan tabarma, ta buɗe kwanon, ta miƙa masa tsinkayen ci. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da nasa tun ranar da aka kawo ta Kamizawa tana amarya, ga shi yau ita ma furfura ta gama cinye kanta, amma ba ta taɓa ganin ya yi rauni haka ba sai bana. 'Yan kwanaki ke nan da aka sallamo shi daga asibiti, irin sallamar da likita ke yi yana kallon ƙasa. Yana dawowa ya ce a yi masa shimfiɗa a ɗakin gaba, a zuge ƙofa, don daga nan ne ake hango gidan niƙa a tsallaken 'yar gada, da ƙaton wilin katako da ruwa ke juyawa a jikinsa.

Ya ɗebo taliyar, ya tsoma a romo. Taliyar soba, hatsin nan namu mai baƙar ƙwaya, zuƙarta ake yi da ƙara, amma numfashin zuƙar ya ƙare masa, sai ya tauna a hankali, ya daɗe yana taunawa.

"Hannunki na nan yadda na san shi," ya ce wa Tsuyako. "Garin ne dai na injin lantarki. Ya sha zafi, ƙanshin ya gudu."

"Haba Baba," in ji Mineko, "kana kwance ma sai ka yi ƙorafi?"

"Ciwona a huhu yake, yarinya, ba a harshe ba."

Tsuyako ta yi dariya, shi ma ya yi, dariyar ta koma tari. Da tarin ya lafa sai ɗakin ya yi tsit, ba a jin komai sai zubar ruwa da 'yar ƙarar wilin. Ya karkata kai wajen ƙofa.

"Kuna jin shi? Juyawa kawai yake, ba abin da yake ja. Ni da shi duk an sallame mu."

Kakanninmu ne suka gina gidan niƙan nan, a lokacin da kowane gida ke noman sobarsa da alkamarsa a kan tudu. Bi da bi ake niƙa. Akwai wani ɗan katako da ake ratayewa a ƙofar gidan da layi ya zo kansa, in sun gama su kai wa maƙwabci, kuma an sha yin gaba ta shekaru a kan wanda ya riƙe katakon ya kwana. Kula da dutse kuwa aikin gidan su Genshiro ne, uba ya bar wa ɗa. Shi ke koɗa dutsen in ya yi santsi, shi ke buɗe ruwa da rufewa. Daga baya aka kafa injin lantarki a cikin gari, mutane suka riƙa loda hatsi a mota, samari suka bi motar ba su dawo ba. Rufin ya ruɓe, wilin ya tsaya, kyanwoyi suka mai da wurin ɗakin haihuwa.

Da hukuma ta ce za ta rushe shi a yi wurin ajiye motoci, Tsuyako ce ta tashi haiƙan. Mijinta bai daɗe da rasuwa ba, tana neman abin da za ta sa hannu a kai kada kaɗaici ya kashe ta. Ta tara matan ƙauye, suka yi ta zarya har aka bar musu ginin su buɗe gidan cin taliya. Genshiro kuwa, da ya ji za a raya wurin, sai ka ce an mai da masa ƙuruciya. Shi ya sake ƙera wilin da hannunsa, cikin sanyin hunturu, ya koɗa dutsen har tartsatsi ya huje masa gira. Ana gab da buɗewa sai ma'aikacin duba tsafta ya zo ya ce ba a niƙa a ɗakin da mutane ke cin abinci sai an yi bango. Aka cire ƙaramin wilin nan mai haƙoran katako, wanda ke haɗa babban wili da dutse, wanda mu haƙora kawai muke ce masa. Aka shafe shi da man ƙyalli aka rataye a bango saman murhu, don baƙi su gani. Tsuyako ta ce wa tsohon, "Baɗi, Baba, in muka yi bangon." Baɗin nan kuwa ya yi ta haihuwar wani baɗin. Gari na zuwa daga birni a buhunan takarda, wili na juyawa ana ɗaukar hotonsa, shi kuma kowace safiya yana tsallaka gada ya kwashe ganyen da ya toshe magudana, bai taɓa sake ta da maganar ba.

Abin da ke cin Tsuyako ke nan a ranar, tana kallon ƙashin wuyansa da ya fito.

"Baba," ta ce, "an yanke sabuwar soba a gonar Shozo. Ko mu mai da haƙoran, mu niƙa maka ko mudu ɗaya ne?"

Ta ga yadda idonsa ya yi. Amma ya girgiza kai.

"A'a, a'a. Ina ni ina ɗora muku wannan wahala, ku da ke fama da baƙi?"

"Wace wahala? Tebura ne kawai za a janye."

"Bari kawai, Tsuyako. Tsohon da ko zuƙar taliya ba ya iyawa, me zai yi da gari?"

To, mu 'yan Kamizawa, ko ruwa ka miƙa wa wanda ƙishi ke shirin kashewa, sai ya ce a'a sau biyu. Na farko kunya ce, na biyu ladabi. A na uku ne mutum ke sunkuyar da kai ya ce, "To, tunda kin matsa." Yaron da bai iya ɗaura ɗamararsa ba ma ya san wannan. Wanda ya tsaya a tayi na biyu, ya faɗa maka ke nan cewa dama ba da gaske yake ba.

Tsuyako ta buɗe baki. A daidai lokacin ne doguwar motar baƙi ta yi huci a bakin hanya, ƙofarta ta buɗe, surutu ya cika kwarin. Lokacin jan ganye ne, lokacin da duwatsu ke yin ja da rawaya, mutanen birni su yi ta kwararowa kallo. Ta tuna tebura, ta tuna matan da ta baro su biyu a kicin, ta tuna cewa in za a niƙa sai an rufe shago kwana biyu ko uku. Bayan ganye ya zube fa? Ai ba nisa.

"To, yadda ka ce, Baba," ta ji bakinta ya faɗa.

"Kin ji ko, Goggo?" in ji Mineko, wadda ta bar ƙauyen tun tana 'yar makaranta, a wurinta a'a na nufin a'a. "Baba ba ya son a yi ɗawainiya saboda shi."

Tsohon ya dubi Tsuyako. Ba kallon zargi ba ne, da ma zargin ne da ya fi mata sauƙi. Ya jera tsinkayen a bakin kwano, ya haɗa hannu ya ce ya gode da abinci.

Kwanakin da suka biyo baya ba ta samu ko damar sosa kai ba. Tun da sassafe take kwaɓa gari, tana murzawa, tana yankawa, tururi na dukan fuskarta. Baƙi su ci, su tsaya a gada su yi hoto, wani ya leƙo ya tambaya, "Inna, da wannan wilin kuke niƙa garin?" Ta yi murmushi ta ce a sha romo kafin ya huce. In ta aika wa Baba Genshiro abinci, wata take ba ta kai. Da yamma kuma sai ta bi ta bayan gida don kada ta wuce ta gaban ƙofarsa. Kunya take ji, ta kuma san kunyar take ji, wannan ya ƙara mata haushin kanta.

Shozo ne ya tono ta. Ƙanin mijinta ne, shi ne kuma shugaban ƙungiyar ƙauye, mutum mai son zama a kicin yana ɗanɗana abin da ba a ba shi ba. Ya shigo wata rana da rana tsaka ya ɗauki soyayyiyar kabewa a faranti.

"Matar Yaya, na leƙa tsohon. Kai, ya zube. Na ce ko za mu niƙa masa sabuwar soba, Mineko ta tare ni a ƙofa ta ce kin riga kin yi masa tayi ya ƙi."

"Ya ƙi," in ji Tsuyako, ba ta ɗago daga yankan da take yi ba.

"Sau nawa?"

Wuƙar ta tsaya.

"Sau nawa, Matar Yaya?"

"Biyu."

Shozo ya mai da kabewar cikin faranti, abin da ba a taɓa gani ya yi ba. "Ke? Ke da in mutum ya ce ya ƙoshi sai kin bi shi da ludayi har bakin hanya?"

"Mota ce ta zo. Na ce in ganye ya zube..."

"Ganye! Kin ga fuskarsa kuwa? Ina jin zai riga ganyen."

Ta cire gyalen kanta, ta wanke hannu, ta tsallaka gada da garin a gwiwar hannunta.

Ta same shi kwance, ya koma ɗan mitsitsi a cikin bargo, ga tulun iska a gefe da robar da ake sa masa a hanci. Ƙofa a zuge take yadda ya ce. Ta durƙusa kusa da kansa. Tayin da ya kwana ya riga ya mutu, ba a ɗorawa a kansa, sai an faro daga farko. Ita ta sani, shi ma ya sani.

"Baba, ni ce. Mu mai da haƙoran, mu niƙa maka?"

Ya buɗe ido. Gefen bakinsa ya ɗan motsa, kamar mai shirin tsokana. "A'a," ya ce, da ƙyar ta ji.

"Baba, ba wata wahala. Shozo ma ya ce zai kawo sobar."

Ya daɗe yana tattara numfashi. Ta so ta ce masa ya bar ladabin nan haka, ya ce e kawai, amma mutumin da ya yi shekara tamanin da 'yan kai bai taɓa karɓar abu a tayi na biyu ba, ba yau zai fara ba.

"Kar ku... damu da ni."

Ta ja numfashi za ta yi na uku, sai tarin ya taso masa. Ba irin na kwanakin baya ba ne, wannan ya naɗe shi ya ɗaga shi daga kan matashi. Mineko ta shigo da gudu, ta ture tiren magani, ta kama robar tana sa masa.

"Goggo, ki yi haƙuri, ki ba mu wuri. Gobe kya dawo."

"Kalma ɗaya ce ta rage, Mineko."

"Ba ya jin ki yanzu. Gobe."

Tsuyako ta fito ta tsaya a kan gada. Sai ta wuce shago kai tsaye, ta sauke labulen ƙofa alamar an rufe, ta ba waɗanda ke layi haƙuri ta ce gari ya ƙare. Ta dubi Shozo.

"Janye teburan."

"Ya karɓa?"

"Ban tambaye ka ba, Shozo. Janye."

Suka kira maza biyu daga gona. Aka fitar da tebura da kujeru aka jibge a waje, aka ɗaga gilashin da aka rufe dutsen da shi. Koɗar da Genshiro ya yi tana nan raɗau, ko sau ɗaya ƙwaya ba ta bi ta kai ba. Shozo ya hau tsani ya sauko da haƙoran. Yana ɗaga su sai suka yi ƙaras-ƙaras a hannunsa, ɗaya ma ya zame ya faɗi ƙasa. Shekarun da suka yi a saman murhu sun busar da katakon, kowane haƙori ya yi sako-sako a raminsa.

"Ba za su ja dutse ba," ya ce. "Sai sun sha ruwa sun kumbura."

"A buga musu ƙusa mana."

"Ƙusa a haƙoran Baba Genshiro? Ai ko warkewa ya yi wannan sai ya kashe shi."

Ta ƙi yarda sai da aka gwada. Suka saka, suka buga da guduma, Shozo ya ja sandar haɗi, wadda ke sa haƙoran su kama, a hankali. Dutsen ya yi ɗan nishi, haƙora biyu suka fice suka yi tsalle. Ba yadda za a yi. Kafin rana ta faɗi suka mai da kowane haƙori gurbinsa, suka ɗaure abin da igiya suka nutsa shi a magudana, aka danne da dutse. Shozo ya ce zuwa safe ya isa. Tsuyako ta tsaya tana kallon ruwa na bi ta kansa, ta ɗaga ido ta hango ƙofar tsohon har yanzu a zuge, ga sanyi ya fara sauka.

Gari na wayewa suka taru. Katakon ya sha ruwa ya yi nauyi, haƙoran sun kama gam, ko motsi ba sa yi. Aka ɗora, aka daidaita. Tsuyako ta kwance bakin buhu da kanta ta juye sabuwar soba a mazubi, ƙwayar baƙa mai kusurwa, tana ƙanshin gona. Shozo ya tofa yawu a tafin hannu ya kama sandar haɗi.

"Ki je ki gaya masa ya kasa kunne," ya ce.

Ta juya za ta fita, sai ta ga Mineko a bakin ƙofa. Gashinta a tsefe, ta sako takalmin gida zuwa waje. Ta sunkuya kawai, ta daɗe a sunkuye.

Shozo ya saki sandar.

"Yaushe?" in ji Tsuyako.

"Da gari ya fara haske. Ina riƙe da hannunsa." Mineko ta dubi teburan da ke jibge, ta dubi buhun. "Ashe abin da kuke yi ke nan. Jiya da yamma ya farfaɗo, ya ji ana jan kaya ana buga guduma. Ya ce me ake yi a can? Na ce ban sani ba, ƙila gyara ne. Ya saurara, sai ya yi dariya, ya ce, 'Je ki ce musu su jiƙa shi, katakon ya bushe.' Na ɗauka zafin ciwo ne, Goggo, ban zo ba."

"Mun jiƙa," in ji Tsuyako. "Mun jiƙa shi."

"Ya ce in ƙara masa matashi, in juya shi ya fuskanci nan. Na ce zan rufe ƙofa saboda sanyi, ya hana. Duk sanda ya farka sai ya ce, 'Sun fara?' In ce tukuna. Ya ce, 'To, da safe ne.'"

Tsuyako ta zauna a kan buhun. Ba ta yi kuka mai ƙara ba, hawayen ne kawai ke zuba tana sharewa da bayan hannu. Tana ta lissafin kwanakin da ta yi tana yanka taliya, ko wanne a cikinsu da ya isa.

"Ku kunna mana," in ji Mineko. "Ko yanzu ne. Ƙila yana ji."

Mazan suka dubi juna, suka dubi ƙasa. Shozo ya yi gyaran murya.

"'Yata, kin daɗe ba kya nan. In aka yi rasuwa a Kamizawa, ruwan ake tsayarwa. Wili ba ya juyawa sai an kai mamaci."

"Wa zai hana? Ai saboda shi ne."

"Shi zai hana," in ji Tsuyako. Ta miƙe. "Shi ya tsayar wa mahaifiyarki. Shi ya tsayar wa mijina, duk da wilin ba ya juyawa a lokacin, ana ruwan sama, ya fito ba ko laima. Ba zai so a ce a kansa aka fara karyawa ba."

Shozo ya yi niyyar fita, ta ce ya bari. Ita ta hau matakalar da ke bayan ginin, inda magudana ke rabuwa biyu. Allon toshe ruwan na jingine a inda tsohon ke ajiye shi, gefensa ya yi santsi saboda kamu. Ta zura shi a gurbinsa, ta danna da ƙafa. Ruwan ya yi tozo, ya juya ya bi ɗaya hanyar zuwa rafi. Wilin ya ci gaba da juyawa da sauran ƙarfinsa, ya rage, ya rage, ya ɗan koma baya kaɗan, ya tsaya. Ƙauyen ya yi wani irin shiru da ta manta akwai shi. Can ƙasa ta ga ana zuge ƙofofi, tsofaffi na leƙowa, ba wanda ya tambayi ko wane ne.

Da ta sauko, Mineko na jiran ta da ɗan kofin shayi a hannu, da sabon ƙyalle fari naɗe a kan tsinke.

"Goggo, an ce a jiƙa masa leɓe, ruwan ƙarshe. Ban san ko na famfo zan ɗiba ba. Ke kin fi ni sanin yadda ake yi."

Tsuyako ta karɓi kofin. Magudanar da ke zuwa wili ta riga ta tsiyaye, sai laka da ganye. Amma ɗaya daga cikin 'yan akwatunan wilin ya tsaya daidai ƙirjinta, cike da ruwan da ya ɗebo bai kai ga zubarwa ba. Ta tsoma kofin a ciki. Ta riƙe shi da hannu biyu ta hau gada, tana tafiya a hankali kada ya zube, Mineko na biye da ita. A bayansu wilin na ɗiga.